Tagwayen tukwanen nutso: kuɗin ɗaya za a karɓa ko na biyu?

Lawali: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da ƙaramin kwamfaresa na iskar shaƙa a nan Damagaram, mai ba da lita 100 a minti, ina cika wa masu nutso da ke aikin rijiyoyi da tafkuna. Tukunya mai lita 12 jikka uku (sefa 3,000) nake karɓa, daga bar 50 zuwa 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska). To ga shi an kawo mini tagwaye, masu lita 12 guda biyu a haɗe. Mai su ya ce tunda tiyo ɗaya nake ɗaurawa, ciko ɗaya ne. Ni kuwa na ga injin ya daɗe yana aiki. Yaya ake yanke kuɗin ba tare da an ci haƙƙin kowa ba?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam Lawali. Iska kake sayarwa, saboda haka ita za ka auna, bar ƙidayar tukwane. Ka ɗauki girman tukunya, ka ninka da bar ɗin da ka ƙara. Mai lita 12 daga 50 zuwa 200 ta sha lita 1,800. Tagwayen lita 24 ne, sun sha 3,600. A injinka wancan minti 18 ne, wannan minti 36. Ka nuna wa mutumin agogo, gardama ta ƙare.

A farashin da ka faɗa, jikka uku a kan bar 150, kowane bar dala huɗu (sefa 20) ke nan a tukunya ɗaya, dala takwas a tagwaye. Wanda ya kawo tagwayensa da sauran bar 120 zai biya na bar 80 kawai, sefa 3,200. Wanda ya kawo su kusan wayam zai haura jikka shida. Haka ya fi adalci, kuma yana koya wa mutane barin saura a ciki, wanda ke hana danshi shiga ya kawo tsatsa. Ka lura kuma ba duk tagwaye ne lita 24 ba. Akwai masu lita 7 biyu, 14 ke nan, da kaɗan suka ɗara guda ɗaya, zalunci ne a karɓi kuɗin biyu a kansu. Girman yana nan a buge a kafaɗar tukunya, tare da iyakar matsin da take ɗauka.

Habu mai gyaran inji: Lissafin Malam daidai ne, sai dai ina tsoron jikka ukun ma ba ta fitar da kai, ƙanena. Ba kuran, wato wutar lantarki, ne ke cin kuɗin ba. Injin irin naka motarsa ta lantarki kusan kilowat 2.2 ce, minti 36 bai kai kilowat-awa ɗaya da rabi ba. Abin da ke cin kuɗi filta ne, kuma zafin garin nan shi ke kashe ta. Iska a digiri 20 tana iya riƙe ruwa kusan giram 17 a kowane mita kubik, a digiri 40 kuwa giram 51, ninki uku. Wannan ruwan filtar ke tsotsewa. Awannin da aka rubuta a jikinta galibi na wuri mai sanyi ne, a watan Afrilu da Mayu ba za ta kai ko rabinsu ba. In ta ƙoshi, ruwa da ƙaurin mai su wuce cikin tukunya, mutum ya shaƙa a ƙasan rijiya.

Ka ajiye littafi, ka riƙa rubuta mintin kowane ciko. Ka raba kuɗin filta da yawan litar da ta tace kafin ka canza ta, ka ɗora kuɗin mai da na gyara, sannan ka san farashin bar ɗinka na gaskiya. Man kwamfaresa na musamman ne, kada wani ya ce maka na mota zai yi. Ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa duk minti 10 zuwa 15, a cikon tagwaye sau biyu ko uku ke nan. Ka yi aikin da asuba ko bayan isha'i, don yawancin ƙananan injunan nan iyakarsu digiri 45.

In gurup (janareta) kake tayarwa, ka kai shi can nesa ta inda iska ke tafiya, ka ɗaga tiyon shaƙar kwamfaresa sama. Gubar hayaƙin inji ba ta da wari, kuma ƙa'idar Turai ta iskar shaƙa, EN 12021, ba ta yarda ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba.

Alhaji Mamman: Abu ɗaya da ya keɓanta da tagwaye: robinen tsakiya, wato makullin iskar da ke kan gadar da ta haɗa su. Ka tabbata a buɗe yake kafin ka kunna inji. In a rufe yake, ɓangare ɗaya ne zai cika, agogon matsi ya nuna maka 200 cikin rabin lokaci, ka karɓi kuɗin biyu, mutum ya sauka ruwa da iskar da ba ta kai yadda yake zato ba. Ka taɓa su da hannu ana cikin ciko, dole duka biyun su yi ɗumi. Ka kuma duba hatimin gwajin matsi a kowace ɗaya daban, don sau da yawa ba shekara ɗaya aka ƙera su ba. Wadda gwajinta ya wuce shekara 5 kada ka cika ta ko nawa za a biya, kai ne ke tsaye kusa da ita.

Lawali: Na gode, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya, Malam. Wani lokaci na cika 200, da safe mai tukunya ya dawo ya ce 180 ya gani. Wa zai biya ƙarin?

Malam Isuhu: Kai za ka ɗauka. Iska tana zafi in ana danna ta, in ta huce matsin ya sauka. Tukunyar da ta nuna 200 tana digiri 60, in ta sauko 30 za ta nuna wajen 182, ba yoyo ba ne. Ka cika, ka bar ta a inuwa awa biyu ko uku, ka ƙarasa mata, sannan ku karanta agogo tare. A kan lambar da ta nuna da sanyinta za ka yi kuɗi. In ta ci gaba da sauka bayan ta huce, ka shafa ruwan sabulu a wuyan kowace tukunya da mahaɗan gadar, kumfa zai nuna maka robar da ta mutu.