Solonchak da Salids: wane suna za mu ba su da Hausa?

Mai Shirin Noma, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum malamai. Gobe da hantsi zan naɗi shirin noman rani a rediyo, kuma takardar da baƙona ya turo tana kwatanta tsari biyu na rarraba ƙasar noma. Tsarin Amurka da aka fara fitarwa a 1975 yana da Salids, tsarin duniya na WRB da ya fito a 1998 yana da Solonchak da Solonetz. In ce "ƙasar gishiri" in huta?

Bakabe: Wa'alaikumus salam. Ka ce ƙasar gishiri, mutanen Kamba su ɗauka Foga kake nufi, tsofaffi kuma su ce Bilma. Ƙasa mai gishiri dai.

Malamin Gona, Talata Mafara: Ta yi wa Solonchak daidai, don sunan ma daga kalmar gishiri ta Rashanci ya fito. Amma kada ka haɗa ta da Salids. Su Amurkawa galibi sai ƙasa ta kasance a yankin fari sannan ta shiga wannan rukuni, kuma awonsu na gishiri 30 ne a ma'aunin lantarki, alhali WRB daga 15 ta karɓa, ko da a bakin teku ne. Gona ɗaya sai ta zama Solonchak a wannan littafi, a wancan ba Salids ba ce. Solonetz kuwa wata cuta ce daban: sinadarin sodiyam ke kama laka, ta daskare, ruwa ya ƙi shiga. Mai gishiri ana wanke ta da ruwa in akwai magudana. Wannan sai an fara zuba jifsam.

Sarkin Nahawu: Duk kun tsawaita. Gishirau. Kalma ɗaya, kamar makarau. Solonetz kuma kanwau.

Hajiya ta Gusau: Malam, makarau mutum ne. Gishirau sai ka ce sunan mai tallan gishiri a kasuwar Shinkafi.

Sarkin Nahawu: Hajiya, da a Kano aka ƙirƙiro ta da yanzu tana cikin ƙamus. Mu in mun yi magana sai a ce Sakkwatanci ne.

Bakabe: To mi ya kawo Kano cikin maganar gona?

Sarkin Nahawu: Abin da ya kawo jifsam da sodiyam. Hausa ce wannan?

Hajiya ta Gusau: Da wayar Bature kake tambaya, ranka ya daɗe.

Baba Manomi: Yara, mu fako muke ce ma wurin da ruwa ba ya shiga. In ya yi fari bisa, mu ce kanwa ta taso.

Malamin Gona: Baba, fako ya faɗi taurin, bai faɗi dalili ba, akwai fakon da zaizaya ce kawai ta cinye samansa. Ƙasa mai kanwa ta fi kusa, duk da ba kowace Solonetz ke ɗauke da kanwar da muke sa wa a miya ba.

Mai Shirin Noma: Na gode. Solonchak ƙasa mai gishiri, Solonetz ƙasa mai kanwa, Salids ƙasar hamada mai gishiri. Zan faɗi sunan Turawan sau ɗaya a farko.

Malamin Gona: Ta ukun ban gamsu ba, amma a rediyo za ta wuce. Kada dai ta shiga littafin ɗalibai.

Sarkin Nahawu: Ku faɗi gishirau ko sau ɗaya ne, mu ga in masu sauraro ba su riƙe ta ba.

Mai Shirin Noma: Minti 15 ne shirin, Malam.