Baba na yawan faɗuwa, wai mu je a duba kunne

Ummu Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Mahaifinmu tela ne a Jekadafari, da kekensa ya riƙe mu har ya aurar da mu. Hannunsa na dama ya fara karkarwa, sa zare a allura ya gagare shi, likita ya ce Parkinson ce, aka ɗora shi kan levodopa. Karkarwar ta lafa. Yanzu kuma jiri. In ya juya a gado sai ya ce ɗaki na juyawa da shi. Ranar Talata ya faɗi a zaure zai tafi Asuba, goshinsa ya fashe. Likita ya ce mu ga masu duba kunne, alhali Baba na ji sarai. Yayana ya ce cin kuɗi ne. Na dai sayo masa maganin jiri, Stugeron, a kemis.

Abu Safwan: Hajiya, Stugeron da Stemetil ba na mai Parkinson ba ne. Suna toshe aikin dopamine, sinadarin da dama ya yi masa ƙaranci, sai jiki ya ƙara sandarewa. Kuma kunne ba ji kaɗai yake yi ba. Can ciki akwai bututu uku masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya, da wasu ƙananan tsakuwoyi. In suka ɓalle suka faɗa bututun, jirin juyi a gado kenan, ba ya kai minti ɗaya. Da dabarar Epley ake mayar da su, juya kai da jiki ne kawai. Tsayuwa da ido da kunne da tafin ƙafa ake yinta, shi ya sa ya faɗi cikin duhu.

Nas Halima: A auna jininsa a kwance, sannan a tsaye. Levodopa na saukar da jini in an miƙe, ita ma cutar haka.

Abu Safwan: Wanda ke kwance ina ya miƙe? Kunne ne.

Maman Walid: Allah ya ba shi lafiya. Mu da Inna gwaji bayan gwaji, tun daga Kumo muke zirga-zirga, mazan gidan ko kuɗin mota ba su taɓa ba ni ba. Sai a waya su iya ba da umarni.

Baffa Bolari: 'Yata, a haɗa da tofi, kuma ya riƙa salla a gida.

Ummu Hanif: Baffa, wa zai hana Baba masallaci? Malam Abu Safwan, ni ke kwana ina jin nishinsa. Tun da ya fara Stugeron yake samun barci, in na cire me zan ba shi daren yau?

Abu Safwan: Barcin maganin ne, ba sauƙi ba. Ki kira likitansa yanzu.

Ummu Hanif: Sai ranar asibiti ake ganinsa, kuma katin na wajen Yaya.