Taƙaitawa: shakka kan samuwar Allah da tabbacin ilimi

An tattauna a kan mutumin da shakka ta kama game da samuwar Allah, da ko akwai ilimin da za a iya tabbata da shi. Ga abin da na tsinta daga tattaunawar:

1. Kusan kowa ya yarda ido na yaudara. Kawalwalniya a titin Kaduna zuwa Zariya da tsakar rana, sai ka rantse ruwa ne.

2. An kawo Imam Gazali (rasuwa 1111), wanda ya yi kusan wata biyu yana shakkar gani da ji, har hankali kansa. Ya ce haske daga Allah ne ya warkar da shi, ba jera hujjoji ba.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce irin wannan shakka waswasi ne, a nemi tsari a daina, kamar yadda hadisi ya umarta. Wasu suka ce tambayar da aka danne ba ta mutuwa. Na fi karkata ga ra'ayi na biyu.

4. Mai shakka ya nemi malami mai haƙuri, ba mai saurin kafirtawa ba.