Gidan gem ko aji, ina ake koyon yaren gari?

Ɗan Hayyul Ashir: Salam jama'a. Maganata ɗaya ce kuma ba zan janye ba, Larabcin da nake rayuwa da shi a Alkahira a gidan PlayStation na koye shi ba a aji ba. Na zo garin nan kaina cike da nahawu da sarfu, ranar farko na shiga shago na ce "uridu khubzan", mutumin ya dube ni ya ce sadaƙallahul azim, yaran wurin suka kwashe da dariya, ashe burodi a nan aish ake ce masa. Wata uku ina yawo kamar kurma sai da wani maƙwabcinmu ya ja ni gidan gem ɗin ƙasan benenmu, a nan kunnena ya buɗe, na gane jim ɗinsu ga ce, Jamal ya koma Gamal, ƙaf kuma haɗiye ta suke yi, ƙahwa ta zama ahwa. Kuma doka a wurin wanda aka ci shi ke biyan kuɗin awa, to in ba ka iya musu da yarensu ba kullum kai ne mai biya.

Malam na Bu'us: Wa alaikumus salam ƙanina. Faɗi gaskiya dai, zagi ka koyo. Ni na san me ake faɗa a wuraren nan idan an ci mutum a minti na 90. Iyayenka Azhar suka turo ka, kuma takardar jarabawa da fusha, wato Larabcin littafi, za ka amsa ta, ba da "ya amm" da "ma'alesh" ba.

Ɗan Hayyul Ashir: Allah gafarta Malam, zagin ma ai yare ne, aƙalla ka san lokacin da ake yi da kai. Kuma ku da kanku kun sani daktoci da yawa suna fara darasi da fusha, minti goma sun zame cikin ammiyya, Larabcin gari, wanda bai iya ta ba sai dai ya yi ta gyaɗa kai.

Malam na Bu'us: Wannan kam haka ne, ban musa ba. Amma ni a motar haya na koyi tawa, ranar da direba ya wuce da ni nesa saboda ban san ana cewa "ala gamb ya usɗa" in za a sauka ba. Ban taɓa riƙe pad ba kuma ga shi ina ciniki a kasuwar Ataba babu mai cuta ta.

Na Kofar Mata: Ku dakata, wane gem ɗin ma tukuna? In FIFA ce wlh ba abin da ka koyo sai gudu da danna maɓalli ɗaya. Mu da muka tashi da Winning Eleven a PS2, mai sharhi yana ta ihu da Japananci "shuuto!" shekara nawa muka yi muna jin sa, yau ko gaisuwa ban iya da Japananci ba. To ina yaren da gem ke koyarwa?

Ɗan Hayyul Ashir: Ai ba na'urar ce malamar ba mutumina, wanda ke zaune gefenka yana maka tsiya shi ne malamin. Kuma PES muke bugawa, wato Winning Eleven ɗin taku, kwantar da hankalinka.

Na Istanbul: PES ɗin da ba su da lasisi, ka ɗauki Man Red (Man United) ka kara da North London (Arsenal) kamar ƙungiyoyin unguwa? Tun da Konami suka mayar da ita eFootball a 2021 suka sake ta kyauta ai ta zama gem ɗin waya.

Na Kofar Mata: Kai kuma taka ko sunan ba ta riƙe ba, daga FIFA 23 EA suka rabu da FIFA, a 2023 ta koma FC 24, kullum kaya ɗaya sabon kwali. PES 2013 mai hoton Ronaldo har gobe ana buga ta a gidajen gem a Kano, je ka tambaya.

Na Istanbul: To naji. Amma kan ainihin maganar ina bayan Ɗan Hayyul Ashir rabi. Ni abin da ya kusa haɗa ni faɗa a nan ba a littafi yake ba. Na tambayi wani yaro a ɗakin kwananmu ko zai buga wasa ɗaya, sai ya ɗaga haɓa sama ya yi min tsaki, tsaki fa jama'a, ni da na girme shi, jinina ya hau na miƙe tsaye, sai wani ɗan Somaliya ya riƙe ni yana dariya ya ce haka Turkawa ke cewa a'a, ba raini ba ne. Ga kuma hayır, kunnen Bahaushe alheri yake ji, ashe ita ma a'a ce. Shekarar koyon Turkanci da na yi ta ba ni hayır, tsakin kuwa sai a gaban talabijin ɗin gem na gamu da shi.

Maman Hanan: Ku maza komai sai kun jingina shi da bal. Ni shekarata huɗu a Madinatu Nasr ta Alkahira, ina mace zan shiga gidan gem ɗin da hayaƙin shisha ya turnuƙe? A wurin mai kayan miya da maƙwabciyata na koya, ita ce ta fahimtar da ni laban a nan madara ce, ni da na zauna a Saudiyya na san laban nono ne mai tsami. Kuma Yaya Ɗan Hayyul Ashir ka faɗa musu duka mana, a can ɗin ba sa kiran ka ya samara, wato baƙin fata?

Ɗan Hayyul Ashir: Suna kira na hakan, Hajiya, ba zan ɓoye ba. Da farko shiru nake yi don ban san me zan mayar ba, abin yana ci na har na kwanta. Yanzu kuwa in mutum ya faɗa sai na ɗura masa ƙwallo uku da ƙungiyar Zamalek, shi ɗan Ahly abokiyar hamayyarta, na ce masa je ka biya ya basha. Akwai waɗanda suka daina da kansu, akwai wanda har yau bai daina ba, shi na daina zama kusa da shi.

Ɗan Damagaram: Ina jin ku tun ɗazu. Ni a Lyon nake, Faransanci kuwa tun lakwal na iya shi, amma da na zauna buga wasa da yaran unguwa sai na ji kamar wani yare daban, suna juya kalma baya ta koma gaba, femme ta zama meuf, fou ta zama ouf. Mushe bai taɓa koya mana wannan a Zinder ba. Sai dai Malam ma yana da gaskiya, ranar da na je sabunta takardar zama Faransancin lakwal ne ya fishe ni, da na yi musu na yaran gem da sun kore ni.

Malam na Bu'us: Yawwa, ka ji mai hankali. Ƙanina jarabawa saura sati uku, awa nawa ka yi jiya a ƙasan benen?

Ɗan Hayyul Ashir: Malam netwok ɗina ya fara rawa.

Na Kofar Mata: Ƙarya yake, yanzu na gan shi a eFootball. Shigo mu buga ɗaya, wanda aka ci ya tura wa ɗan'uwansa data.