Abin da aka tattauna kan hasashen yawan fasinja

Ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda ake hasashen yawan fasinja kafin a gina layin jirgin ƙasa:

1. Kusan kowa ya yarda masu neman a amince da aiki sukan kumbura adadin fasinja. Misali, jirgin ƙasan ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa da aka buɗe a 1994 bai samu fasinjan da aka yi hasashe ba.
2. Don a san ainihin yawan matafiya, a je tasha a ƙirga motoci da ido, ranar kasuwa da sauran ranaku, rani da damina.
3. Kan layin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna aka rabu. Wasu sun ce tsoron masu garkuwa da mutane ya cika shi har tikiti ya yi wuya, wasu sun ce sauƙin tafiya ne. Ni dai na fi karkata ga na farko.
4. Layin Kano zuwa Maraɗi kuwa, a lissafa kaya, ba fasinja kaɗai ba.