Mu da ke kwana ƙasan baraji: kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani

Malamin makaranta, Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a. Tun daren da madatsar Alau ta ɓalle cikin Satumban 2024, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, wata tambaya ke cina. An gama gina Alau a 1986, ta kuma taɓa yi musu ambaliya a 1994, watau ba farau ba ne. To mu fa? Gulbinmu na Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, can Gada ake ce masa, kuma a Jibiya aka datse shi da bangon ƙasa wajen 1990 domin ruwan sha da noman rani. An yi shi ya riƙe kubik mita miliyan 142. Duk wannan ruwa a saman kanmu yake, hanyarsa kuwa guda ce: Nyelwa, Madarunfa, Jiratawa, Maraɗi, Tibiri, Gidan Runji. Ga kuma ƙananan barajoji, watau madatsun ruwa, na karkara da suka tsufa.

Kakata tana yarinya aka yi ruwan 1945, wanda ya ci tsohon gari har Faransawa suka maida Maraɗi bisa tudu. Har ta rasu, in hadari ya haɗu daga kudu, sai ta ƙulle tufafinta a zane ta ajiye bakin ƙofa. Ina roƙon duk wanda ke zaune kusa da baraji, ko yake noma a ƙasansa, ya ba mu abin da ya gani da idonsa, ban da jita-jita.

Masunci, Madarunfa:
Wa alaikumus salam Malam. Ni na Yulin 2018 zan faɗa. Baraji bai fashe ba a wannan daren, ruwan sama ne ya yi yawa a Jibiya, ya ci gidaje da rayuka masu yawa. Ƙanen matata da ke can ya kira ni wajen ƙarfe uku na dare, muryarsa na rawa, ya ce in kwashe komata in hau tudu. Kafin hantsi gulbi ya iso ja wur, ɗauke da katifu da ƙyamaren ɗaki da matattun awaki. Daga baya sai mutane. Da hannuna na taimaka aka fiddo wata baiwar Allah da ta maƙale a saiwar giginya, matan gari suka rufa mata zane. Ba na son tuna sauran. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wayar suruki ce ta tashe ni. Maƙwabcina da ba shi da kowa a Jibiya barcinsa yake har na je na buga masa ƙofa.

Tsohon magini, Sabon Gari:
Allah shi jiƙansu, ɗana. Malam, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ina saurayi na yi aikin wani ƙaramin baraji a ƙasar nan tamu, ba zan faɗi sunan garin ba. Mu muka zuba jar ƙasa, ana yayyafa ruwa, injin na dannewa shimfiɗa bisa shimfiɗa, sannan muka jera duwatsu cikin ragar waya a mafitar rarar ruwa. Garuruwa da dama suka sha daga gare shi, mutum da dabba.

Bara waccan na je gaisuwar mutuwa, na ce bari in gai da aikin hannuna. Wallahi hawaye na yi. Bagaruwa ta fito bisa bangon, kaurin wata ya kai cinyata. Mutanen gari murna suke da inuwa, ba su san itace a jikin bangon ƙasa ciwo ne ba: ranar da ya mutu saiwar ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya har cikin cikin bango. Ga suri har uku, ga ramukan gafiya. Shanu sun yi turba a wuri guda har kan bangon ya lotsa, kuma nan ruwa zai fara tsallakewa. Bangon ƙasa kuwa in ruwa ya hau kansa an gama, yanka shi yake kamar wuƙa da tuwo. Ragar waya ta yi tsatsa, an kwashe duwatsun an yi harsashin gini da su. Ƙofar sakin ruwa na kama da hannu biyu, ko motsi. Yashi da laka sun cike cikin tafkin, ruwan da a da yake ɗauka ba tare da ya ji ba yanzu cika shi yake har wuya.

Amma abin da ya fi tsorata ni yana bayan bangon, daga gindi. Wani wuri ne kore shar a tsakiyar rani, ruwa na tsattsafowa. Ku riƙe wannan, yara: kowane bangon ƙasa yana ɗan zufa, in ruwan garau yake fitowa da sauƙi. In ya fito da launin kunu, to cikin bangon yake ci yana fitarwa. Na tara a kwalba, na ajiye bisa dutse, kafin in gama alwala laka ta kwanta a ƙasa kaurin yatsa.

Na kai wa maigari kwalbar. Ya haɗa ni da ɗansa muka tafi ofishin da abin ya shafa. An karɓe mu da mutunci, an rubuta, aka ce wani ofishi ne ke da barajin. Can kuma aka ce masu aikin da suka gina shi sun daɗe da tashi, takardunsa ma sai an nema. Muka dawo da kwalbarmu.

Mai lambun zogala, Jiratawa:
Baba, sannu da ƙoƙari. Ni dai kada a sa mu ƙi baraji gaba ɗaya. Da ruwan ƙasan gulbin nan nake ciyar da marayu huɗu. Tun da aka datse shi daga sama ba ya malala fadama kamar lokacin iyayenmu, rijiyar lambuna sau biyu ina ƙara mata zurfi. In an sako ruwa da rani muna murna, rijiyoyi su taso. Sai dai a riƙa gaya mana rana. Shekara uku ke nan na bar injin ban ruwa cikin yashin gulbi da yamma, da safe sai tiyo na tarar rataye a reshe. Jaka tamanin na saye shi, bashi ne.

Ɗalibin aikin ruwa, Zariya ta Maraɗi:
Inna, abin da kike nema yana rubuce. A 1990 Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa, kuma Gada, watau Gulbin Maraɗi, na cikin koguna huɗu da ta ambata, tare da Maggiya da Tagwai da Komadugu Yobe. Akwai musayar bayanai a cikinta. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu tun 1971, mazauninta Yamai. A makaranta an koya mana cewa bangon ƙasa ana zagaya shi da ƙafa kafin damina da bayanta, a auna ruwan da ke tsattsafowa, a buɗe ƙofofi a rufe don kada su cije, a rubuta komai a littafi. Rabin wannan aikin ido ne da alƙalami. Kwalbar Baba ita ce gwajin farko da ake yi.

Masunci, Madarunfa:
Ɗan'uwa, takarda ba ta buga ƙofa da dare. Mu masunta da masu kwale-kwale mun tara lambobin juna tun daga iyaka har Tibiri. Wanda ya ga ruwa ya canza launi ko ya hau alamar da muka sa a ƙafar gada, ya kira na ƙasa da shi, shi kuma ya gaya wa ladan. Duk mai so a sa shi ya yi mini magana.

Malamin makaranta, Bagalam:
Sa ni, kuma zan kai wa mai unguwarmu. Baba magini, wancan barajin yana nan yadda ka bar shi?

Tsohon magini, Sabon Gari:
Ɗan maigari ya kira ni bayan sallar layya. Sun sare ƙananan itatuwan, na ce manyan kada su tumɓuke su sai da mai sani, don ramin saiwa sai an cike shi an danne. Wurin nan kore ya ce ya ƙara faɗi, ya kai shimfiɗar tabarma biyu. Gwiwata ba ta ɗaukar kabu-kabu yanzu. In akwai mai mota cikinku, ranar Asabar mu tafi da yaron nan ɗalibi, ya zo da abin awonsa da littafi, ni zan zo da kwalba.