Me za mu kira "fine art" da Hausa, kuma mai hoto yana ciki?

'Yan'uwa, ina neman taimakonku a kan wata kalma. Ina shirya takardar gayyata ta baje kolin hotunan wani ƙanena mai ɗaukar hoto, sai na zo wurin da Bature zai ce "fine art", alƙalami ya tsaya cak. Na tambaya a nan shekaranjiya, amsoshi sun zo da yawa, kuma na gode. Ga inda na tsaya bayan na auna su.

Mafi yawanku kun ce zane-zane, don haka muka saba ji a makaranta, haka ma ake kiran sashen nan na Jami'ar Ahmadu Bello a bakin mutane. Matsalata da ita ɗaya ce: kalmar ta yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a. In abin zane ne, to mai kyamara ya fita, domin bai zana komai da hannu ba. Mai sassaƙa ma ya fita, haka magini. Ke nan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba shi da mazauni. Wannan ban yarda da shi ba.

Wasu sun ce fasaha. Da a zamanin kakanninmu ne, da magana ta ƙare, don a da in an ce wane fasihi ne, an san mawaƙi ko mai azancin magana ake nufi. Amma yau gidajen rediyo sun ba kwamfuta da wayar salula kalmar. Ka ce "baje kolin fasaha", mutane za su zo neman na'urori.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta kawo fasahar ƙawa. Na so ta sosai, sai dai a rubuce ƙawa ta ado da ƙawa ta zumunci duk ɗaya ne. Kuma ba kowane aiki ne ke ƙawata ba. Hoton uwa a sansanin gudun hijira ba ado ba ne, amma yana iya hana ka barci.

Gardamar ko hoto yana cikin wannan sahu tsohuwa ce. Tun da aka bayyana dabarar ɗaukar hoto ta Daguerre a birnin Faris a 1839 masu fenti suke cewa ai na'ura ce ke aikin, mutum murfi kawai yake buɗewa. A 1862 har kotu aka je a Faransa, lokacin da masu hoto biyu, Mayer da Pierson, suka kai ƙarar waɗanda suka kwafi hotunansu. Dokar hana kwafi ta lokacin ta kare aikin "fine art" ne kawai, don haka dole alƙalai su faɗi ko hoto na ciki. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce yana iya shiga, saboda zaɓin haske da tsayuwa da fuskar da aka nuna daga mutum suke fitowa. Manyan masu fenti irin su Ingres suka sa hannu a takardar ƙin amincewa. Sai a 1940 gidan adana zane-zane na MoMA da ke New York ya buɗe wa hoto sashe na kansa.

Mu kuma harshenmu ya bi wata hanya dabam, kuma abin yana burge ni. Kalmar hoto daga Turanci muka aro ta, sunan abin da kyamara ke fitarwa, sai muka shimfiɗa ta a kan komai. Yaro ya zana doki a allo, mu ce ya yi hoton doki. A wurinmu kyamara ce ta ba zane suna. Amma ku lura da aikatau ɗin: ɗauka. Ana ɗaukar hoto kamar yadda ake ɗaukar abin da aka tarar a ƙasa. Ina ganin nan raini ya ɓuya, shi ya sa mai hoto a gidan biki ake lissafa shi tare da masu haya kujeru.

Duk wanda ya kalli aikin Malick Sidibé, mai hoto ɗan ƙasar Mali, ya san ba tsintuwa ba ce. Samarin Bamako da 'yan mata yake bi wuraren rawa a shekarun 1960, yana jiran daƙiƙar da ƙafa da murmushi za su haɗu. A 2007 bikin baje kolin zane-zane na Venis a Italiya ya ba shi lambar yabo ta Zakin Zinare saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa, shi ne mai hoto na farko da ya samu. A nan Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, yawanci daga ƙeya, bango fili, har kitson ya tsaya kamar gini. Mai kitso ta yi nata, shi ma ya yi nasa.

Shawarata ita ce adabin ido. Muna da adabin baka, kowa ya gane shi ba tare da bayani ba. Adabi shi ne abin da aka tsara da gwaninta don ya taɓa zuciya ya kuma daɗe, to wannan nasa ta ido yake shiga. Zayyanar Alƙur'ani ta shiga, aska takwas a babbar riga ta shiga, dagi a bangon soro ya shiga, sassaƙa da fenti sun shiga. Hoto kuma ya shiga in an yi shi da wannan niyya, kamar yadda ba kowace wasiƙa ce adabi ba. Hoton fasfo yana nan a matsayinsa.

Wani malamina na Hausa ya ja hankalina cewa adabi da harshe aka san shi, kada mu ja kalmar har ta tsinke. Malam, na ji, kuma girmanka ne. Sai dai wasan kwaikwayo reshen adabi ne a ajinka, rabinsa kuwa da ido ake cin sa.

Na gwada ta a kan mahaifiyata ba tare da na yi mata bayani ba. Na ce, Inna, ɗanki zai nuna aikinsa a taron adabin ido. Ta ce, wato abin kallo na masu hikima? Da wannan na rubuta ta a takardar gayyatar, gobe za ta tafi wurin bugawa.